Gwaggo da Romon Ƙumba

Daga Allah muke, kuma gare Shi za a tattara mu. Gwaggo ta riga mu tafiya. Ta cika ran Talata da hantsi a ɗakinta, can ƙauyenmu na hanyar Bazaga, kafin la'asar an kai ta makwancinta. Yayar mahaifina ce. Allah bai ba ta haihuwa ba, sai aka ba ta ni tun ban iya ɗaura zane ba. Ita ta riƙe ni, ita ta kai ni lakwal, wato makarantar boko, ita ta aurar da ni. Don haka kada kowa ya jira sunanta daga bakina. Gwaggo ce, shi ke nan.

Na ɗauka zaman makokin tsohuwar da ba ta bar ɗa ba na dangi da maƙwabta ne, a yi addu'a a watse. Ina! Tun safiyar Laraba amalanken jakuna suka fara tsayawa a ƙofar gida, kabu-kabu na sauke mata biyu-biyu. Daga Konni, daga Malbaza, daga Illela, wata har daga Badagishiri da goyonta. Abin da ya ɗaure mana kai, kusan kowace da kwano a hannu, an ƙulle shi da ɗankwali. Na farko muka karɓa muka ce an gode. Na biyu ma haka. Da na biyar ya iso, matar yayana ta kama baki ta ce, "Ke, wanga ai kwanon Gwaggo ne! Ga tabon wuta nan gefe."

Kwanoninta ne, wallahi, dukansu. Waɗanda ta yi shekara da shekaru tana aika romo a ciki gidajen marasa lafiya, ba a dawo da su ba. Ta Badagishiri ta durƙusa tana kuka tana dariya lokaci guda. Ta ce, "Da anka yi mani aiki na kasa tashi, ita ta aiko shi. Kullum in ce sai na samu abin kirki in sa ciki in maido, ga shi na makara." Ta cika shi da gero, ta ce a yi sadaka. Kafin azahar ba wurin taka ƙafa a tsakar gida, sai ka ce rumfar mai kwanoni ran kasuwa.

Can waje wurin maza kuma muna jiyo tsohon mahaucin garinmu ta kan katanga, ya ɗaga murya. "Ni ne nan mai ce mata mai dafa tsutsar laka! In ta wuce in toshe hanci. Da ciwo ya kada ni na kasa cin naman da nike saidawa, wa ya tashe ni? Na sha, jama'a, har na lashe kwano, kuma ba ta taɓa yi mani gori ba." Maza suka fashe da dariya har liman ya yi gyaran murya. Sai muryar mahaucin ta karye, muka ji yana jan hanci.

Ni ba kwano na kawo ba. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne shekarar da babban tari ya kwantar da maigidana, ina ma'aikaciyar likita, wato asibiti, da farar riga, amma na rasa yadda zan yi in ceci mijina. Sai dai kafin in kai can, bari in gaya muku mece ce ƙumba, don na san da yawa ba su taɓa riƙe mai rai ba.

Wata halitta ce ta ruwa, tana kwance cikin laka a ƙasan tafki. Ɓawo biyu gare ta masu tauri da ke haɗe kamar tafin hannu biyu, ciki kuwa tsoka ce mai laushi. Mutanenmu ɓawon kawai suka sani, da shi ake kankare tukunya. Cewa a ci abin da ke ciki, wa'iyazu billahi, ko a mafarki. Gwaggo ta koyo ne a Yawuri, inda ta yi zaman aure da mijinta mai fataucin busasshen kifi. Matan bakin kogi suka nuna mata. Da ya rasu ta dawo gida da akwati ɗaya da wannan sanin. Wata rana tana wanki a tafkin bayan gari ƙafarta ta taka wani abu, ta laluba ta ciro, ta yi ihu har matan da ke wurin suka watse sun zaci kada ne.

Kafin ta dafa ko guda sai da ta aika aka tambayo liman. Ya ce abin da ke rayuwa cikin ruwa halal ne. Wannan amsar ta riƙe ta har ƙarshen ranta, wanda ya yatsina fuska sai ta ce, "Tahi ka yi da liman."

Kai, da kun ga Gwaggo a ruwa! Ta ɗaure zane a ƙirji, ta shiga har ƙugu, tana tafiya a hankali tana lalube da yatsun ƙafa, fuskarta sama kamar mai sauraren wani abu. In ta ji, sai ta nutsa hannu ta ciro ta jefa a ƙwarya. Ƙanana ta mayar, ta ce su girma. Kowace sai ta ƙwanƙwasa ta da yatsa. Wadda ta rufe baki gam tana da rai. Wadda ta bar baki buɗe ta mutu, sai jifa, ko da ita ce mafi girma. Ba ta ɗiba kusa da garaken albasa inda ake feshin magani, ko za a ba ta duniya. Kuma ba ta dafawa ran da ta ɗebo. Kwana uku cur za su yi a kwatarniya cikin ruwan rijiya, tana canjawa safe da yamma, har su amayar da lakar da ke cikinsu. Sannan ta tafasa su tafasa mai tsawo da citta da masoro da tafarnuwa da daddawa, ta daka tsokar ta tace. Ƙamshin yakan tsallaka katanga uku.

Marar lafiya kuma ba ta cika masa kwano ran farko. Cokali ɗaya za ta ba shi, ta zauna tana kallonsa. In jiki ya yi bori ko leɓe ya kumbura, an gama, ba za ta ƙara ba ko ya roƙa. Tana da wata magana da na ji har na haddace. Ta kan ce, "Jiki na da masu gadi nai. Na wani barci suke, ɓarawo shi shiga shi fita. Na wani kuma zafin kai gare su, su bar ɓarawo su rufe mai gida da duka. Romona ba shi kama ɓarawo. Mai gadi yake ba abinci, shi dawo cikin hankali nai." Ina yarinya nakan yi dariya in ce Gwaggo ta fara.

Rigimarmu ta zo ne shekarar da na gamo makarantar kiwon lafiya. Sabuwar farar riga, kai ya kumbura, ina jin duk jahilcin duniya ni aka aiko in kore. Na zo gida hutu na tarar da wata mata a tsakar gidan Gwaggo da ɗiyarta jiki zafi rau. Ban tambayi kowa komai ba. Na ce wannan ƙazanta ce ke hana mutane zuwa likita, na sa ƙafa na tunkuɗe kwatarniyar. Ruwa ya malale, ƙumba ta watse cikin ƙasa, mata na kallo.

Gwaggo ba ta ɗaga murya ba. Ta durƙusa tana tsince su ɗaya-ɗaya tana goge ƙasar da bakin zanenta. Ta ce, "Ni ki zaga, ɗiyata. Waɗanga suna da rai, mi sunka yi maki?" Sai matar nan ta buɗe baki ta ce ai daga likita take, Gwaggo ce ma ta kora ta can tun jiya, har da rakiya, ga maganin a ƙulle a zanenta. Ƙasa ta ƙi tsagewa in shige. Amma girman kai bai bar ni na ce a yi haƙuri ba. Na juya na fita. Daga ranar muka koma gaisuwa kawai. Nakan zo da sabulu da sukari, ta sa albarka, amma in ta ji sallamata sai ta rufe kwatarniya da faifai. Shekaru muka yi a haka.

To, sai tarin nan ya zo. Maigidana direban babbar mota ne, yana kwasar albasa daga Galmi zuwa bakin teku. Ƙato ne, mai dariya, mai ci kamar mutum biyu. Ya dawo daga wata tafiya yana tari, ya ce ƙurar hanya ce. Wata ya wuce tari bai wuce ba, riga ta fara yi masa yawa. Na tasa shi gaba aka yi hoton ƙirji aka gwada majina. Babban tari ne, tarin fuka. Maganinsa sananne ne, kuma yana warkarwa, amma sai an sha wata shida ba fashi, ƙwaya huɗu manya kowace safiya kafin a karya. Wanda ya sha ya bari, ciwon kan dawo da ƙarfin da maganin ba ya jin sa. Wannan ni nake gaya wa mutane kullum a wurin aiki, na kuma ga waɗanda suka bari, na san inda suka ƙare.

Ƙwayoyin suka hana shi sakat. Tashin zuciya, ciwon gaɓoɓi, abinci ya fita ransa fit. Tuwo a'a, fura a'a, nama ko ƙamshinsa ba ya so. Mutumin da ke ɗaga buhun albasa ya koma buta sai an miƙa masa. Wata safiya ina kakkaɓe katifa sai ga ƙwayoyi na zubowa daga wata ɓaraka, na kwana da kwanaki. Na kwashe su na zube masa a gaba. Na yi faɗa, na yi kuka, na yi masa bayani irin na aiki. Ya dube ni da idanun nan da suka faɗa ya ce, "Can likita kike ba da oda. Nan gidana ne." Ya juya fuska bango.

Na san mutuwa yake nufa bai sani ba, kuma na san ni ba zan iya juya shi ba. Mutum ɗaya ne a duniya ba ya iya ce wa a'a. Tun da aka ɗaura mana aure bai taɓa haɗa ido da Gwaggo ba. In ya hango ta tun daga nesa yake cire takalmi ya durƙusa. Bai taɓa sa loma a baki a gabanta ba. Ita ma ba ta kiran sunansa, sai dai "mai mota". Surukarsa ce, kunyar da ke tsakaninsu ta fi katanga kauri.

Na hau kabu-kabu na tafi ƙauye. Na same ta tana tankaɗe. Na zube gabanta, duk jawabin da na shirya a hanya ya gudu, sai kuka. Ta bar ni na yi mai isata. Sannan ta ce, "Mai mota ne?" Na gyaɗa kai na gaya mata komai. Ban kai ga maganar kwatarniya ba ta katse ni. "Ƙwayar nan, in an sha ta, sai yaushe a ci abinci?" Na ce a ba ta kamar awa ɗaya. Ta ce, "To. Taki ta riga, tawa ta biyo. Tashi ki nemo mani amalanke." Ta ɗauko ƙwaryarta ta nufi tafki, ni kuma ina biye da ita kamar yadda nake yi ina ƙarama.

Yadda ta tsara abin, har yau in na tuna sai na yi dariya ni kaɗai. Ta sa aka kafa zana a tsakar gidanmu na Konni, ƙarƙashin bishiyar bedi. Shi yana wannan gefe a tabarma, ita tana wancan gefe a kujerarta, ta ba zanar baya. Ba mai ganin wani. Da gari ya waye in miƙa masa ƙwayoyi da moɗa, ita kuwa ta kasa kunne. Ƙwat. Ƙwat. Ƙwat. In ta ji uku ta tsaya jira, sai ta yi ɗan tari, sai ka ji ta huɗu ta wuce. Don kada ya ɓoye a kumatu kuma, da ya gama sai ta buɗe gaisuwa.

"Mai mota, an tashi lahiya?"

"Lahiya lau, Gwaggo."

"Ina gajiya? Ina jiki? Ina iyali? Ina mutanen Galmi? Ina yaran mota? Motar ta kwana lahiya?"

Har tayoyi sai ta gaishe! Wa zai iya amsa wannan da ƙwaya mai ɗaci a baki? Bayan awa ɗaya sai kwano ya zagayo ta gefen zana. Ran farko cokali ɗaya ta ce a ba shi, ta sa ni na zauna ina duba fatarsa. Da ta ga lafiya, washegari aka cika. Shi kuwa ina zai iya mayar wa surukarsa kwano da abinci ciki? Ya sha yana ɓata fuska. Kwana uku ya sha bai ɓata ba. Kafin mako biyu na ji shi yana cewa ko akwai sauran tuwon jiya a ɗan sa masa a ciki. Na ruga madafa na toshe baki da ɗankwali don kada guɗa ta kufce mini.

A nan na yi kuskure na biyu, kuma ya kusa fin na farko. Da ya tambaye ni romon mene ne, na san halinsa da ƙyanƙyami, sai na ce na zabo ne. Ban gaya wa Gwaggo na yi ƙarya ba.

Cikin watannin nan ne na kasa haƙuri na tambayi mai ba da magani na likitarmu, wani dattijo mai son karatu, ko an taɓa jin amfanin irin wannan abu. Ya gyara tabarau ya ce ai masu bincike sun daɗe suna tatso sinadarai daga kawa, wato 'yar uwar ƙumba da ke cikin teku. Akwai ƙananan guntayen furotin, akwai wani irin sukari mai yauƙi, ga zink da jiki ke bukata don kare kansa. Ya ce a ɗakin gwaji an ga wasunsu na zaburar da ƙwayoyin garkuwar jiki idan sun yi sanyi, wasu kuma na kwantar da kumburi idan garkuwar ta wuce gona da iri. Sai ya ɗaga yatsa ya ja kunnena. Ya ce yawancin abin a kwalba da jikin ɓeraye aka gani, ta teku ce ba ta tafkinmu ba, kuma kada in kuskura in ce wa kowa maganin tari ce. Na ce na ji. Amma ni maganar masu gadi ce ke yi mini kuwwa a kunne.

Ban san yadda na iso gida ba. Tun daga zaure nake kira, "Gwaggo! Gwaggo! Maganarki ce! Masu gadi, mai barci da mai zafin kai, likitocin duniya ma abin da suke nema ke nan!" Na zauna ina zuba bayani ina haki, har da zink. Tana canja ruwan kwatarniya, ba ta ko ɗago ba. Da na gama ta ce, "To madalla. Su ma sun gano? Ki gaishe su." Can sai ta ɗago da damuwa a fuska. "Suna dai jiƙa ta kwana uku ko? Ki gaya masu, kada su ba bayin Allah laka." Na yi dariya har na kwanta a ƙasa. A wurin ne na kama ƙafarta na ce ta yafe mini abin da na yi. Ta ce, "Miƙo mani moɗa," shi ke nan aka wuce wurin.

Gaskiya ɗaya zan faɗa don kada a ce ma'aikaciyar likita ta ruɗi mutane. Ƙwaya ce ke kashe ciwon. Romo ya buɗe masa ciki, ya mayar masa da tsoka, ya ba jiki abin yin faɗa. Ko yana yin fiye da haka, Allah ne masani, ni ban auna ba. Abin da na gani da idona shi ne babu ɗayansu da zai shiga cikinsa ba don tsohuwar nan da ke bayan zana ba.

Wata na biyar ya faɗo cikin bazara. Tafkinmu ya ja baya ya bar laka mai tsagewa. Da can Gwaggo takan tafi bayan gaisuwar safe ta dawo da yamma. Yanzu ƙumba ta nutse can ƙasa tana jiran damina, sai an tona. Ta ce za ta wuce wani tafki mai nisa da bai ƙafe ba, za ta kwana biyu ko uku, ta bar mini romo da zan ɗumama. Shi kuwa ƙarfi ya fara dawowa, yana zagaya gida yana duba abin da ya lalace. Ina wurin aiki ya leƙa bayan madafa ya ɗaga faifai. Ga su nan kwance cikin ruwa, sun buɗe baki sun zuro tsoka, ga tulin ɓawo a gefe.

Na dawo na tarar da shi tsaye yana huci. "Zabo! Wanga ne zabonki? Wata da watanni kina ɗura mani tsutsa ina godiya!" Ya ce wadda ta yi masa ƙarya a kan romo za ta yi a kan ƙwaya, wa ya san ko ya warke tun tuni. Ya ce daga yau ba romo ba ƙwaya, nan da kwana uku zai koma mota. Washegari na miƙa, ya ture. Wanshekare ma haka. Saura wata ɗaya da 'yan kwanaki, jama'a, wata ɗaya! Na ga duk wahalar nan za ta zube, kuma da hannuna na jawo.

Safiya ta uku amalanke ya tsaya. Gwaggo ta shigo da ƙwarya a kai, laka ta bushe mata har gwiwa. Na tare ta a zaure na faɗa mata komai, har ƙaryar zabo. Ta dube ni kallon da ban taɓa gani ba. "Ni ban taɓa ba mutum abin da bai sani ba. Ke kinka ɓata, ni za ni biya." Ta sauke ƙwarya. Ta nufi zanar nan, ta kama ta da hannu biyu, ta tumɓuke ta jefar gefe.

Yana zaune a tabarma. Ya zabura zai gudu ɗaki, sai ta kira sunansa. Sunansa na yanka, wanda ban taɓa ji a bakinta ba tun da nake. Ya tsaya cak, ya durƙusa. Ta zauna gabansa dab, ta miƙe ƙafafunta. Duk sun tsage, ɓawo ya yayyanka yatsun, wani wurin jini ya bushe cikin laka. Ta ce in kawo sauran romo. Ta kafa kai ta sha a gabansa, ta lakato 'yar dakakkiyar tsokar da ta kwanta a ƙasa ta tauna yana gani.

Ta ce, "Dube ni. Ƙumba ce, ba zabo ba. An yi maka ƙarya, kuma ba a kyauta ba. Halal ce, amma ba farilla ba ce, in ba ka so ka bari, ba ni jin haushi. Ƙwaya ce ba ka bari. Yau na aje kunyata ƙasa gabanka, ina tsohuwa. Ɗiya ɗaya gare ni duniya, kuma ban riƙe ta don in ga ta shiga takaba ba."

Ƙaton nan ya kifa kai a tabarma yana kuka kafaɗu na girgiza. Ba ta rarrashe shi ba. Ta miƙo mini hannu na zuba mata ƙwayoyi huɗu, ita da kanta ta sa masa a tafi. Ya haɗiye su gabanta, ido cikin ido. Bayan awa ɗaya, ba wanda ya ce masa komai, ya jawo kwanon. Sai dai ya juya mata baya kafin ya kai baki. Gwaggo ta tashi tana ɗingishi ta ce, "Ku maido zanata inda take."

Na sanar da likitan da ke duba shi kwanakin da ya yi fashi, aka ƙara su a ƙarshe. Ran da sakamakon gwajin ƙarshe ya fito ni na karɓo takardar. Na duba sau uku a tsaye. Babu ciwo! Na manta farar riga, na manta ni wace ce, na rangaɗa guɗa a farfajiyar likita har marasa lafiya suka leƙo ta taga. Da na kawo labari gida, maƙwabta suka cika tsakar gida, shi yana ta zagaye yana dariya yana dukan ƙirji. Gwaggo kuwa ta riga ta ƙulle kayanta. Ta ce ta bar awakinta hannun mutane ya isa haka. Ya durƙusa can nesa, kai ƙasa, yana son yin godiya baki ya ƙi. Ta dubi bango ta ce, "A gaya ma mai mota shi riƙa rufe hanci in ana loda albasa." Ba ta sake kiran sunansa ba har ta bar duniya.

Ta yi shekaru bayan wannan, tana shiga ruwa har gwiwoyi suka ƙi. Ciwonta na ƙarshe bai yi mako ba. Mu mata ba mu zuwa maƙabarta, don haka abin da ya faru can yayana ne ya ba ni labari bayan sun dawo, yana zaune a bakin ƙofa yana kakkaɓe ƙasa daga wandonsa.

Ya ce ƙasar ta yi tauri kamar dutse, rana kuma na dukan tsakar kai. Maigidana, da furfurarsa, ya riga kowa isa ya ɗauki diga. Samari suka zo su karɓa ya hana. Ya haƙa har gumi ya jiƙe riga, ya cire ta ya ci gaba. Yayana ya dafa shi ya ce, "Haba, ka huta mana, kai da ka yi ciwon ƙirji." Sai ya tsaya ya dafa ƙirjin da hannu ya ce, "Wanga ƙirji, bayan Allah, ita ta tsaya mai. Ku bari shi yi mata aiki yau."

Yayana ya ƙara da cewa, "Shi kaɗai ya gama kabarin. Kuma ina tsaye kansa tun daga farko har ƙarshe, ban ji ya yi tari ko sau ɗaya ba."

Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya yafe mata, Ya sanyaya mata ƙasar da ya haƙa.